Ku zana hoton tambaya kafin ku nemi ƙa'ida

Ƙannena masu shirin jarrabawar WAEC ko NECO, abin da ya fi cutar da ni a darasin fiziks shi ne na mayar da shi hadda. Ƙa'idojin duk suna kaina, amma da an ba ni tambaya sai in cusa lambobi cikin wadda ta fara faɗo mini a rai, ba tare da na tsaya na ga abin da ke faruwa da kayan da ake magana a kai ba.

A kan gogayya na fi shan wahala. An koya mana cewa ƙarfin gogayya shi ne lambar gogayya (wato lambar da ke nuna yadda fuskoki biyu ke riƙe juna) sau ƙarfin da ƙasa ke tokare abu da shi, ni kuwa kullum nauyin abin nake sawa a gurbin tokarewar, domin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa su biyun daidai suke. Ku dubi buhun masara mai kilo 100 da ake turawa cikin mota a kan katakon da aka jingina da kusurwar digiri 30. Nauyinsa newton 1,000 ne (newton shi ne ma'aunin ƙarfi) idan an ɗauki jan ƙasa a matsayin 10, amma nauyin ya rabu biyu: newton 500 na jan buhun ya gangaro, kusan 866 kuma na danne katakon. Idan lambar gogayya 0.4 ce, amsar, wato ƙarfin gogayyar, kusan newton 346 ce, ba 400 da na saba rubutawa ba. Da na zana katakon da buhun, na sa wa kowane ƙarfi kibiyarsa, da idona ya nuna mini wannan tun kafin in taɓa lissafi.

A lissafin zafi kuwa, narkewa nake tsallakewa. Idan aka ce a mayar da rabin kilo na ƙanƙara mai digiri 0 ya zama ruwa mai digiri 20, matakai biyu ne. Narkewar kaɗai tana cin jul 168,000 (jul shi ne ma'aunin makamashi) alhali ma'aunin zafi bai motsa ba, sannan ɗumama ruwan ya ci jul 42,000. Wanda ya manta da matakin farko ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na amsarsa. Ku ja layi, ku rubuta kowane mataki daban, kuma ku mayar da giram zuwa kilo tun daga farko.

Na kuma daɗe ina jin tsoron alamar ragi a lissafin gilashin ƙara girma. Idan nisan matattarar haske, wato inda gilashin ke tara haske wuri guda, santimita 10 ne, aka ajiye abu a santimita 5, lissafin nisan hoton abin zai ba ku ragi 10, ni kuwa sai in goge alamar ina zaton na kuskure. Ashe ita ce ke sanar da cewa hoton yana ɓangaren da abin yake, a miƙe, ya ninka girmansa biyu, kuma ba ya kamuwa a kan takarda. Abin da mai gyaran agogo ke gani ke nan idan ya kusanto da gilashinsa. Ku zana layukan haske biyu da rula, ɗaya ta tsakiyar gilashin, ɗaya ta matattarar, ku ja su baya har su haɗu, sannan ku gwada inda suka haɗu da abin da lissafi ya ba ku.