Zango guda na ɓata ina sa yara haddar kalmomin nahawu

Har yanzu ɗan littafin yana cikin durowata a ɗakin malamai. Ni na zauna a dogon hutu na tsara shi, shafi 12, na kai wani shagon kwamfuta a Tudun Wada aka buga mini, na biya kuɗin fotokwafi daga albashina. Na jera kalmomin da duk ɗan aji shida ya kamata ya sani kafin ya shiga WAEC ko NECO, irin su "noun" da "verb" da "adverb" da "phrase" da "clause" da "subject" da "object", kowace da ma'anarta a gabanta cikin Turanci, layi ɗaya ko biyu. Ranar da na raba wa 'yan ajina, a raina na riga na gama da matsalar nahawu.

Zangon farko gaba ɗaya haka muka yi shi. Minti goma na farkon kowane darasi, in kira kalma, aji ya amsa da ma'anarta baki ɗaya. Yaran nan sun taso da hadda tun daga allo da Islamiyya, don haka kafin wata biyu sun iya shi kamar ruwa. Malaman da ke wucewa ta bakin taga sukan tsaya su saurara, ni kuwa ina jin daɗi. Ga kuma dokar da na gada daga malamaina na kafa musu: ba a yin Hausa a ajin Turanci. Duk wanda bakinsa ya suɓuce, monita ya rubuta sunansa, bayan an tashi ya share aji. Wallahi a lokacin gani nake alheri nake musu.

Sai ga jarrabawar gwaji, wadda yara ke kira mok, a watan Fabrairu. Duk wanda ya koyar da Turanci ya san tambayar nan da ke zuwa a sashen auna fahimta: a ciro wani yanki daga cikin labarin, a ce "What grammatical name is given to this expression as it is used in the passage?", sannan a biyo da "What is its function?" Jimlar da muka saka ita ce "When the rain stopped, the traders returned to their stalls", yankin da aka ciro kuma shi ne "When the rain stopped". Da nake buga tambayar har na ce a raina wannan kyauta ce na ba su.

Da daddare na zauna duba takardu, babu wuta, na jingina fitilar waya da kofi. Takarda ta farko, yarinyar ta rubuta "verb". Ta biyu, "adverb", sai ta biyo da ma'anar "adverb" tsaf kamar yadda take a littafina, ko waƙafi ba ta bari ba. Ta uku, "phrase". Wani yaro ya rubuto mini ma'anar "clause" da ta "phrase" duka biyu, ya bar ni in zaɓa. Kafin in kai rabin tarin takardun jikina ya yi sanyi. Ashe yaran sun san abin da za su faɗa idan na kira kalma, amma idan aka ajiye musu jimla a gabansu ba sa gane wace ce wace. Wata huɗu ina jin muryarsu ina murna, ban taɓa rubuta jimla ɗaya a allo na ce wani ya taso ya nuna mini "clause" da yatsansa ba. Wannan shi ne kuskurena, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya sosu.

Cikin ɗalibai 58, huɗu ne suka samu sunan daidai, ɗaya ce kawai ta haɗa da aikinsa: "adverbial clause of time, modifying the verb returned". Abin da ya ɗaure mini kai, yarinyar ba ta cikin masu ɗaga murya wajen hadda. Daga Rigasa take zuwa, sau da yawa a makare, a bayan aji take zama. Washegari na kira ta na tambaye ta yadda aka yi. Ta sunkuyar da kai ta yi shiru, sai da na ce mata ta faɗa da Hausa, babu mai rubuta sunanta.

"Malama, ai ganga ce," ta ce, wato "clause" a nahawun Hausa. "Malamin Hausa ya koya mana. Idan ka ce 'lokacin da ruwa ya ɗauke' ka yi shiru, mutum zai tsaya yana jiran sauran maganar. Ganga dogarau ke nan. Sai na duba na ga 'when' ɗin nan shi ne 'lokacin da'."

Ajin da ake koyar da Hausar nan bango ɗaya ne tsakaninsa da nawa. Shekara nawa ina gaisawa da malamin kullum safe, ban taɓa tambayarsa abin da yake koyarwa ba. Da na same shi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya inda yake zama lokacin tara, na ba shi labari, bai yi mamaki ba. Dattijo ne, ya kusa ritaya. Ya ɗauko littafin darasinsa ya buɗe mini: suna, wakilin suna, sifa, aikatau, bayanau, mahaɗi, yankin suna, tsayayyar ganga, ganga dogarau, sassauƙar jimla, harɗaɗɗiyar jimla. Ya ce, "Malama, tun aji huɗu suke yin wannan da ni. Ke ce kika hana su shigo da shi ajinki." Ban ce komai ba, don gaskiya ya faɗa. Yaran suna da rabin abin da nake nema a hannunsu, ni da kaina na sa tsintsiya a matsayin tarar duk wanda ya fito da shi.

Saura mako goma ko ƙasa da haka a fara WAEC. Na ajiye littafin, na soke dokar, na roƙi Malam ya riƙa ba ni minti ashirin duk ranar Talata mu shiga aji tare. Ga yadda muka yi da "phrase" da "clause", don nan ne ciwon yake. In rubuta jimlar Hausa a hagu, ta Turanci a dama: "Yaron da ya sayar mini da lemo ya tafi", "The boy who sold me the oranges has gone". Sai Malam ya ce wa yaro ya ja layi ƙarƙashin abin da ke ƙara bayani a kan yaron. Nan take zai ja a "da ya sayar mini da lemo". Sai ni kuma in ce ya tsallaka dama ya nemo ɗan'uwansa. Da ya ja layi a "who sold me the oranges", sai in ce to wannan shi ne "adjectival clause", wasu littattafan su ce "relative clause". Sunan yana zuwa ne a ƙarshe, bayan yaro ya riga ya kama abin da hannunsa. Ni kuwa da sunan na fara, a kansa kuma na tsaya zango guda.

Gwajin da ya fi yi mana amfani shi ne na jiya da kullum. Ka ɗauki yankin da aka ba ka, ka mayar da zancen daga jiya zuwa kullum. Idan akwai aikatau, wato "verb", a ciki da ya canza kama, kamar "stopped" ya koma "stops", to "clause" ne. Idan babu abin da ya motsa, "phrase" ne. Da wannan suka daina faɗawa ramin da masu tsara tambaya ke haƙawa da irin "Having finished the work" ko "To pass the examination", inda yaro zai hango wani abu mai kama da aikatau ya yi saurin rubuta "clause". Na ga wata yarinya a allo tana motsa baki tana cewa jiya, kullum, jiya, kullum, sai ta juyo ta ce "Malama, bai canza ba." Ranar na koma gida da sauƙi a zuciyata.

Ɓangaren "function" kuwa kalmomi ƙalilan ne, amma dole a faɗe su daidai, kuma dole a ambaci kalmar da ake yi wa aikin. Mai bayanin aikatau, "it modifies the verb", sai ka kawo aikatau ɗin. Mai bayanin suna, "it qualifies the noun", sai ka kawo sunan. Idan yankin yana zaune a gurbin suna, to ko dai "subject of the verb" ne ko "object of the verb", ko makamancin haka. Yaro ya rubuta "it modifies the verb" ya tsaya nan, bai gama amsa ba. A littafina na rubuta ma'anar "modify", ban taɓa sa su yi amfani da ita a kan jimla ko sau ɗaya ba.

Wani zai ce ai tambayar nan makinta bai taka kara ya karya ba. Haka ne. Da a nan ɓarnar ta tsaya da ban daɗe ina jin ciwonta ba. Amma yaron da bai san bambancin jimla da guntun jimla ba, sashen taƙaitawa zai kayar da shi, kuma wannan maki 30 ne cikin 100 na takarda ta biyu. Ana cewa "In six sentences, one for each", sai yaro ya gano amsar sarai, ya rubuta "Lack of good roads" ya saka aya, yana ganin ya yi jimla. Babu aikatau a ciki, mai dubawa kuma zai zaftare maki. Da na koma kan takardun mok ɗin, sai na ga nan ne suka fi zubar da jini. Haka tambayar da ake cewa ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata: an ba ka "returned", ka kawo "go back" maimakon "went back", ma'ana ta yi amma lokaci bai yi ba, maki ya tafi.

Insha'i ban sha wahalarsa sosai ba, don tun aji huɗu muke rubutu duk mako. Sun san wasiƙar hukuma tana da adireshi biyu da taken wasiƙa, sun san ana son kalmomi 450. Sai dai ko a nan haddar ba ta cece su ba. Cikin maki 50 na insha'i, 10 na tsabtar rubutu ne, abin da WAEC ke kira "mechanical accuracy", kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Yaran da suka iya rera ma'anar "full stop" da "comma" su ne ke jera jimla huɗu da waƙafi kawai a tsakaninsu. Sai da Malam ya ce musu aya wurin da za ka sauke numfashi ne gaba ɗaya, waƙafi kuma ɗan tsayawa ne kana riƙe da sauran zancen, ya sa su karanta rubutunsu da ƙarfi, sannan suka fara jin inda numfashinsu ke ƙarewa.

Mako goma ba ya gyara abin da aka ɓata tun Satumba. Da sakamako ya fito wasu sun haye, har da yarinyar Rigasa, na kuwa yi hamdala. Amma akwai wani yaro da ba zan manta ba. Ya ci JAMB da kyau, yana da kiredit a lissafi da duk darussan kimiyya, burinsa ya tafi jami'a a Zariya. Turanci ya samu D7, mataki ɗaya tsakaninsa da C6 da ake nema. Shi ne wanda ya rubuto mini ma'ana biyu ya ce in zaɓa, kuma a hadda babu wanda ya kai shi. Mahaifinsa tela ne a Kasuwar Barci. Ya zo makaranta da takardar a aljihun rigarsa, ya gaishe ni cikin mutunci ya ce, "Malama, ba ƙorafi na kawo ba. So nake ki faɗa mini inda yaron nan ya gaza, don in san abin da zan biya wa kuɗi." Na ce masa, "Baba, yaronka bai yi wasa ba. Hanyar da na bi da su a farkon shekara ce ba ta yi ba." Ya yi shiru, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai da ya sake haɗa kuɗin jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, yaron kuma ya zauna gida shekara guda abokansa suna makaranta. Na riƙa yi masa darasi ranar Asabar ban karɓi ko kwabo ba, ya kuma samu kiredit ɗinsa, amma shekarar ba ta dawo ba.

Yanzu tun makon farko na aji huɗu nake farawa, kuma ba na ba yaro sunan abu sai ya nuna mini shi a jimla uku, ɗaya daga ciki wadda shi ya ƙirƙira. Idan malami ne kai kana jin ajinka na amsawa baki ɗaya kana murna, don Allah gobe ka rubuta jimla ɗaya a allo, ka miƙa alli ga wanda ya fi kowa murya, ka ce ya ja layi. Da na yi haka a watan Oktoba na waccan shekarar, da telan nan bai biya kuɗin jarrabawa sau biyu ba.

Har yau akwai abokan aikina da ke ganin shigo da Hausa ajin Turanci lalata yara ne. A taron malamai na zangon da ya wuce wata ta ce mini ai da Turanci za su rubuta jarrabawa. Na ce mata da Turanci suka rubuta waccan ma, ina da takardunsu idan tana son gani. Ba mu daidaita ba, kuma a ajinta har yanzu monita na rubuta suna. Malamin Hausa ya yi ritaya bara, ya koma garinsu. Kafin ya tafi ya bar mini littafin darasinsa, na kuma je na sami wadda ta gaje shi tun ranar da ta kama aiki. Ranar Talata mai zuwa za mu shiga aji biyar tare, za mu fara "noun clause" da "cewa".