Tarihin Rayuwata a Bakin Inji, Kashi na 17: Wayar da ke Tafiya da Inji

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda aka ɗora gadar injin sassaƙa a kan layinta, aka ɗaure motoci, komai na motsi da hannu sumul. Yau sai maganar waya, wadda yawancin masu haɗa CNC (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) a gida suke barin ta sai kuɗi ya ƙare, su je kasuwa su yanko duk wadda ta samu.

Wayar bango a zaune take har ta tsufa. Wayar inji kuwa tana lanƙwasa tana miƙewa duk lokacin da gada, wato ɓangaren da ke ɗauke da kan sassaƙa, ta je ta dawo, a aikin zane mai ƙananan layuka sau dubbai a wuni. Jan ƙarfe yana taurara idan ana ta lanƙwasa shi, sai sili, wato siraran zaren jan ƙarfen da ke cikin waya, ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya a cikin roba, daga waje kuma lafiya lau. Alamarta ita ce inji ya riƙa ɓata aiki a wuri guda, ko moto ya yi gurnani ya tsaya idan gada ta kai wani gefe. Ɓarnar ba ta tsayawa nan: wayar moton sitefa (moton da ke tafiya taki-taki) da ke yankewa tana haɗewa alhali wuta na ciki tana iya ƙona direbansa, wato na'urar da ke ba shi wuta.

Don haka a fara duba sili. Ƙa'idar IEC 60228 ta kasa waya aji-aji. Aji na 1 sanda ɗaya ce, kada ta kusanci inji, kuma kebul ɗin intanet na cikin bango yana cikin wannan sahu, duk da arharsa na jan mutane. Aji na 5 ita ce mai laushi ta yau da kullum, kaurin silinta ba ya wuce milimita 0.21 a waya mai girman murabba'in milimita 0.75. Aji na 6 silinta ba ya wuce 0.16, ita ake so a cikin sarƙar robar da ke ɗauke da kebul. Kamfanoni irin su igus da Lapp da Helukabel suna yin kebul musamman don wannan zirga-zirga, an murɗa wayoyin ciki gajeren murɗi yadda ba za su ja juna ba. Rigar kebul ta robar PUR ta fi ta robar PVC jure mai da gogayya, ita PVC zafi yana busar da ita har ta tsage. A kuma kankare sili da wuƙa tun a shago. Idan cikinsa fari ne, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba zai yi wata nawa ba.

Ga girma. Moton sitefa mai girman NEMA 23 mai cin amfiya 3 zuwa 4 yana son kebul mai waya huɗu, kowace 0.75 ko 1.0, mai ragar ƙarfe a ƙarƙashin riga. Sifindil, wato moton da ke juya bakin sassaƙa, na kilowat 2.2 mai sanyaya da ruwa, wanda infata (na'urar da ke sarrafa gudunsa) ke juyawa har sau 24,000 a minti, a ba shi mai waya huɗu ta 1.5, shi ma mai raga, uku na wuta ɗaya ta ƙasa. A sa mita a gwada fil na huɗu na soket ɗinsa da jikin sifindil, domin da yawa suna zuwa ba a haɗa shi ta ciki ba. Makunnan iyaka, masu tsayar da inji idan ya kai ƙarshen layi, ba sa cin wuta sosai, 0.25 ta ishe su.

Ragar nan ba ado ba ce. Infata tana watsa hayaniyar lantarki, wayar makunni ta ɗauka, kwamfuta ta zaci an kai iyaka ta tsayar da aiki a tsakiyar katako mai tsada. Ragar kebul ɗin sifindil a kama ta da ƙasa ta baki biyu, da matsi mai zagaye ta duka, ba a murɗe ta kamar jela a cusa a ƙarƙashin noti ba. Ta wayar sigina ni na fi son a kama ta a akwatin sarrafawa kawai.

Sai sarƙar roba da kebul ke kwana a ciki. Lissafinta biyu ne. Na farko lanƙwasa: radiyon sarƙa ya kai kaurin kebul mafi kauri sau 10, sai in mai kebul ya rubuta cewa 7.5 ya isa. Kebul mai kaurin milimita 8 yana son 80, ke nan sarƙa mai R38, wato radiyon milimita 38, da ake yawan gani a kan ƙananan injuna ta yi masa kaɗan ƙwarai. Na biyu tsawo: idan an kafa gindinta a tsakiyar tafiya, rabin tafiyar ne a ƙara radiyo sau 3.14. Tafiyar milimita 1200 da R75 ta ba da 600 da 236, a ƙara gaɓa biyu don sararawa.

Wajen zurawa ne ake yawan kashe kebul mai kyau. A warware shi ta hanyar juya nadin, kada a zare shi ta gefe, in ba haka ba ya shiga sarƙa da murɗi, daga baya ya nannaɗe kamar igiyar guga. A shimfiɗa shi a ƙasa ya kwana. A jera su gefe da gefe, ba wani kan wani ba, masu nauyi a bakin gefe, a bar sararin kashi 10 cikin ɗari kewaye da kowane kebul, 20 ga tiyon ruwa. Kebul ɗin sifindil gefe guda, na sigina ɗaya gefen, tiyo a tsakani in babu maraba. A cikin sarƙa ba a ɗaure komai, sai a bakunanta biyu. A tura gada ƙarshe zuwa ƙarshe a sa yatsa a wurin lanƙwasa: kebul ya motsa, bai ɗame a ciki ba, bai tokare waje ba.

Bakin waya kuma kada a shafa masa dalma kafin a ɗaure shi da sukuru, dalma tana lotsawa a hankali ɗaurin ya saki. Hular ƙarfe ake matsa masa.

In ana zargin karaya, a kashe wuta, a cire moto daga direba, a sa mita a kan kowane nadi, wani ya riƙa tura gada sannu a hankali. Inda lambar ta yi tsalle, nan ne.

Mako mai zuwa in sha Allahu za mu buɗe akwatin sarrafawa, mu ga inda kowace waya za ta sauka.