Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bangon Misiyon

Makon jiya mun tsaya inda mompera, wato limamin coci, ya aiko a kira Kawu ya duba misiyon ɗin ƙauyenmu, kudu da Damagaram. Ɗakin addu'a ne da ɗakin magani na masera (mata masu hidimar coci) da aji biyu na lakwal, duka tubali da azarar giginya. Wutar da ta ci majami'u a birni ranar 16 ga Janairun 2015 ba ta iso nan ba. Ruwa ne ya cinye shi.

Kawu ko ciki bai shiga ba. Ya ƙwanƙwasa bangon gabas da ƙotar gatari, bangon ya amsa kamar ganga. Ya ce: "Ƙasa ba ta auren siminti."

Shekarun baya wani ɗan kwangila ya yaɓe tubalin da siminti, wai don ya huta da yaɓen shekara-shekara. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ya san kansa. Siminti kan tsage da zafin bazara, ruwan damina ya bi tsagar, kuma ba ya samun hanyar fita. Tubali ya jiƙe a ɓoye, gara ta samu gida. Bangon gabas ne kan fara, don daga can hadari ke tasowa.

Aka ɓamɓare simintin kaf. Ruɓaɓɓen tubali ana cire shi kamu ɗaya-ɗaya, a cike, a bari ya sha iska kafin a taɓa na kusa. Wanda ya yi gaggawa bango zai zauna masa. Birgi kuwa jar ƙasa ce da ciyawa da kashin jaki, a tattake, a rufe kwana bakwai ta ruɓa. Azarar da ta haura mita 2 babu tallafi lanƙwashewa take, sai aka yi mata ɗaurin guga, wato bakuna masu giciye da ke tallafe rufi. Indararo uku aka ƙara wa tsawo don ruwa ya daina zuba a gindin bango, aka ɗaga dakali, sannan makubar ɗorawa a kai.

Yau Kawu ba ya duniya, amma da na ga ana sauke buhunan siminti a ƙofar tsohon soro a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, sai maganarsa ta faɗo mini. Ɗan kwangilar nan har yanzu cewa yake mu muka ɓata masa aiki.

Mako mai zuwa, rijiyar masera da yadda bakinta ya rufta.