Ganuwar da ta narke ana gobe wasa

Har yanzu idan na wuce garejin masu fentin mota na shaƙi warin fentin feshi, abin da ke faɗo mini a rai shi ne daren Juma'ar da na tsaya a tsakar gidanmu a Unguwar Rimi ina kallon aikin mako uku yana narkewa a gabana.

Wasan da na shirya irin na kan tebur ne, inda mutum ɗaya ke jan labari, sauran kuma kowa ya zama jarumi a cikinsa. Gajere ne, na zama ɗaya, awa huɗu da 'yan wasa huɗu. Ƙa'idojin na Dungeons & Dragons ne, bugu na biyar da ya fito a 2014, amma labarin namu ne na gida: ayarin fatake ya taso daga Gwanja da goro, ya yada zango a gindin ganuwar wani tsohon birni, gari ya waye babu madugu. Na raba shi fage uku, na kuma cike wa kowa takardar jaruminsa tun kafin ranar, domin kada lissafi ya cinye mana awa guda. 'Yan mutum-mutumi masu tsayin milimita 28 guda biyar kawai nake da su, saboda na waje tsada gare su, don haka jakuna na murza su da yumɓu, 'yan fashi kuwa marafan kwalba ne masu lamba. Na zana taswira a kan kwali, na raba ta gida-gida, kowane gida inci ɗaya, wato ƙafa biyar a cikin labari. Duk wannan ya tafi lafiya.

Ganuwar ce na zuba wa ƙarfina. Na samo farin soson nan da ake tallafe firji da talabijin da shi a cikin kwali daga wajen masu kayan lantarki a Kasuwar Gumi, na yanka shi da reza, na fitar da ƙofofi biyu, na bi jikinsa da tsinke ina zana sawun tubali ɗaya bayan ɗaya, kullum bayan sallar isha'i. Da ya rage fenti kaɗai, sai na ga buroshi zai ɗauke ni kwana biyu, na sayi gwangwanin fentin feshi mai launin jar ƙasa. Ban gwada a kan guntu ba, alhali guntaye cike suke da leda a gefena. Feshi biyu na yi, soson ya fara tsuwa yana lotsawa, kafin in ankara ƙofar gabas ta zama rami.

Daga baya na fahimci dalili. Sinadaran da ke sa fentin gwangwani ya zauna ruwa-ruwa suna cin irin wannan soso na folistirin kamar yadda ruwa ke cin gishiri. Maganin kuma yana da araha har ya fi ba ni haushi: a dama farin gam na kafintoci da ɗan ruwa, a shafe soson sau biyu ko uku, a bar kowane shafi ya bushe sarai, ko kuma a yi haƙuri a bi shi da fentin akirilik da buroshi. Gam ɗin yana cikin ɗakina a daren.

Ƙanena ne ya ce, “Yaya, ai kango ya fi dacewa da tsohon birni, ka bar shi haka.” Na karɓi shawararsa, na bi abin da ya rage da buroshi har ƙarfe biyun dare, na mayar da birnin kufai a cikin labarin. Amma gaggawa ta haifi wata ɓarakar da ban gani ba sai a kan tebur. Tun mako guda kafin nan na rubuta wasiƙar madugu da ajami, da tawada da alƙalamin kara, na jiƙa takardar da ruwan shayi ta yi kamar tsohuwa, kuma a cikinta an ce a nemi alama a ƙofar gabas. Da 'yan wasan suka karanta, sai suka duƙufa kan ganuwar suna neman ƙofar da babu ita. A irin wannan wasa duk abin da ka ɗora a tebur ya fi bakinka ƙarfi, mutane idonsu suke bi. Kusan minti arba'in suka tafi a nan, aka yi ta jefa ƙwayar wasa mai fuska ashirin, wadda lambarta ke nuna ko jarumi ya dace, ana bincike, ni kuma ina jin nauyin in tsayar da wasa in faɗi gaskiya. Da tuni na ce musu ramin nan shi ne ƙofar, an wuce wurin.

Fage na uku, wanda na fi so, inda za su yi ciniki da sarkin 'yan fashi a kan fansar madugu, sai da na tsuke shi cikin kwata ɗaya saboda magariba ta gabato. Sun ji daɗi, sun ma nemi a sake zama, amma ni na san abin da ba su samu ba.

Sabuwar ganuwar tana kan tebur yanzu, ta sha gam shafi na biyu, kuma saura mako biyu a yi wasan. Wasiƙar wannan karon ba zan rubuta ta ba sai fenti ya bushe na ƙirga ƙofofin da idona.