Kifin yauƙi da shaiɗanin Tasmaniya: yadda ake auna su

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi idan aka ce su kwatanta waɗannan halittu shi ne auna dangi guda da jinsi ɗaya. Kifin yauƙi dangi ne mai jinsi sama da 70. Sai an zaɓi ɗaya, kamar Myxine glutinosa na arewacin tekun Atlantika, sannan a ajiye shi kusa da Sarcophilus harrisii, wato shaiɗanin Tasmaniya, dabbar tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, mai renon 'ya'ya a jakar ciki.

A babban rukunin Chordata, wanda duk dabbobi masu ƙashin baya ke cikinsa, tare suke. Daga nan hanya ta rabu. Kifin ba shi da muƙamuƙi, ƙoƙon kansa guringuntsi ne, ƙashin bayansa kuwa alama ce kawai. Har Linnaeus, masanin rarraba halittu, a 1758 cikin tsutsotsi ya sa shi. Idan aka cafke shi, yakan fitar da yauƙi fiye da na kuɓewa, ya toshe wa maharin numfashi, sannan ya ƙulla jikinsa kamar igiya ya goge kansa. Shaiɗanin kuwa mai shayarwa ne. Bayan cikin kwana 21 uwar takan haifi 'ya'ya 20 zuwa 30, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, amma kan nono huɗu kacal gare ta.

Wajen matsayin kariya ne aikin ya fi buƙatar hankali. A 2008 ƙungiyar IUCN, mai kimanta haɗarin ƙarewar halittu a duniya, ta sa shaiɗanin cikin masu fuskantar ƙarewa, saboda sankarar fuska da aka fara gani a 1996, wadda ke yaɗuwa ta hanyar cizo. A wasu yankuna ta rage su da fiye da kashi 80 cikin 100. An san haka ne don ana kama su da tarko, a sa musu alama, a sake su, a sake ƙirgawa.

Wa zai ƙirga abin da ke kwance cikin laka a ƙarƙashin teku? A jerin IUCN, Myxine glutinosa yana cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, amma a binciken 2011 na jinsi 76, tara suna cikin haɗari, wasu da dama kuma an rubuta "bayanai ba su isa ba". Ɗalibai kan karanta wannan kamar "lafiya lau", kuma abin yana da ciwo, domin ana kamun kifin da yawa: ana cinsa a Koriya, ana jeme fatarsa a ɗinka walat. Don haka a jadawalin kwatancen, a rubuta shekarar da aka yi kimantawar da hanyar ƙirgar kusa da kowane matsayi.