Wata Biyun da Muka Yi Babu Esi

Esi ɗinmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace a watan da aka rage min albashi. Da tsakar rana ya yi wani gurnani, fankar injinsa na waje ta ƙi juyawa, sai iska mai ɗumi kawai yake hurowa. Mai gyaran da na fara kira ko murfi bai buɗe ba ya ce kwampureso, injin da ke samar da sanyin, ya ƙone, ya yanka min kuɗin da ya fi abin da ke hannuna gaba ɗaya. Ga haya ta matso, ga mahaifiyata tana zaune da mu, shekaru sun ja. Na ce masa zan neme shi, amma ni da shi duk mun san babu hali.

Makon farko da hannuna na ƙara mana wahala. Tagogi nake wangalewa yini guda, wai iska ta shigo, alhali iskar waje ta fi ta ɗaki zafi. Sai da na juya tsarin: da hantsi in rufe ko'ina, in saki labule, tagogin da rana ke duka kuma in kare su da kwali ta waje. Ta wajen nan shi ne sirrin, domin idan hasken rana ya riga ya ratsa gilashi, zafin ya shigo ke nan, labule ragewa kawai yake yi. Da dare ya yi sanyi sai in buɗe tagogi biyu masu kallon juna, in kafa fanka a ɗaya tana fuskantar waje, ta riƙa fitar da zafin da bango ya sha tun safe. Girki da guga muka mayar da su asuba. Tsofaffin ƙwayayen lantarki masu zare na cire su, tunda kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suke ci zafi take komawa. Muka haƙura da sauran gidan, muka tattara a ɗaki guda da rana ba ta cika samunsa ba, katifu a ƙasa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne na mahaifiyata. Kullum in na miƙa mata ruwa sai ta ce, "Bar shi, ba na jin ƙishi." Ni kuma in ƙyale ta, ban san tsufa na rage jin ƙishirwa da fitar gumi ba. Wata la'asar na same ta a gaban fanka, jikinta rau, tana kirana da sunan ƙanena, maganar ma ba ta haɗuwa. Na ce, "Mama, kin gane ni?" Ta yi shiru tana kallona. Muka jiƙa tawul muka sa mata a wuya da hammata, muka garzaya asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa. A can na ji cewa ruɗewa irin wannan alama ce ta bugun zafi, wanda kan kai zafin jiki sama da digiri 40, kuma yana kisa.

Fankar da na dogara da ita ba ta sanyaya iska, gumi take busarwa sai jiki ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a yi amfani da ita ne kawai idan zafin iska bai kai digiri 40 ba. Daga ranar na daina jiran Mama ta nemi ruwa. Kofi nake ajiyewa a gefenta, in zauna har ta sha, in yayyafa mata ruwa a hannu da ƙafa kafin in kunna fanka.

Da kuɗi suka ɗan samu, wani mai gyaran na kira. Ya buɗe, ya gwada, ya zaro wani ɗan gwangwani da kansa ya kumbura. Kafasita ce, wadda ke ba kwampureso ƙarfin tashi, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Har yau abin yana min ciwo, don da na nemi ra'ayi na biyu tun farko, da wataƙila Mama ba ta kwana a asibiti ba. Yanzu da aka gyara esin, a digiri 27 nake barinsa tare da fanka saboda kuɗin wuta, kwalayen nan kuwa suna nan a tagogi ban cire ba.