Asabar ɗin da na raka Baba neman kare

Yau ranar hutuna ce, niyyata in yi wanki in kwanta. Amma tun Laraba na yi wa Baba alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Baba maƙwabcinmu ne a nan Yokshaya ta ƙasar Ingila, Bature ɗan shekara 76, tsohon direban bas. Yarana suka laƙaba masa Baba, ya karɓa, har yana amsawa da "na'am" ɗin da suka koya masa. Matarsa ta rasu bara, karensu ya mutu a watan Yuli, tun daga nan gidan ya yi masa faɗi. Likita ya hana shi tuƙi saboda ido, shi ya sa na zama direba.

Kafin mu fita sai da muka taɓa 'yar muhawara da Abban yara a kicin. Damuwata ɗaya ce: in an ba shi karen yau, motata zai shiga. Ya ce, "Ke da kika tashi a Malikiyya? Kare mai rai ai ba najasa ba ne a wurin Imamu Malik." Na ce na ji, malam, to gashin fa, kai za ka share? Na ɗauko tsohon bargo na shimfiɗa a kujerar baya.

Wuri biyu Baba ya rubuta a takarda. Na farko inda ƙaramar hukuma take tsare karnukan da aka tsinta a titi, na biyu wata ƙaramar ƙungiyar ceton karnuka ta 'yan sa-kai. Ya ce mu ga duka biyun kafin ya yanke shawara.

Na hukumar yana can bayan gari, bayan wasu rumbunan ajiye kaya. Tun ban kashe mota ba haushi ya cika mini kunne, cikina ya ɗuri ruwa. Na tashi a inda in an ce "mahaukacin kare" kowa yake cika wandonsa da iska, kuma duk da na san an daɗe da kawar da ciwon haukan kare a ƙasar nan, ƙafafuna ba su san da wannan labari ba. Ciki dogon lungu ne, keji hagu da dama, daɓen siminti a jiƙe, ƙaurin maganin wanke ƙasa yana hawa kai. A ƙofar kowane keji an maƙala kati: ranar da aka tsince shi, titin da aka same shi, namiji ne ko mace, ƙiyasin shekaru. Babu suna, sai lamba.

Wata matashiya ce ta zagaya da mu, sanye da takalmin roba har gwiwa. Ita ta yi mana bayanin ƙa'ida. Dokar 1990 ta ɗora wa ƙaramar hukuma riƙe karen da aka tsinta kwana 7. In mai shi ya zo cigiya, ya biya fam 25 da kuɗin ci da kwana, ya tafi da abinsa. In bai zo ba, hukuma tana da zaɓi uku: ta ba wani, ta miƙa wa ƙungiyar ceto, ko a yi masa allurar mutuwa. A da 'yan sanda ma suna karɓar ɓatattun karnuka, amma tun 2008 aka sauke musu. Na tambaye ta, ba tun 2016 aka wajabta dasa wa kowane kare ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata ba, har da tarar da kan kai fam 500? Ta yi wata 'yar dariya. Ta ce ƙwayar tana nan a jikin da yawansu, amma ka buga lambar da ke ciki ka ji layin ya mutu, ko wani ya ɗauka ya ce ai ya sayar da karen tun shekara uku. Makon nan kuma wurin ya cika maƙil, saboda wasan wutar daren 5 ga Nuwamba. Ƙarar takan firgita karnuka su tsallake shinge su bazama.

Akwai wani ɓangare da ba ta kai mu ba. Ta ce masu ƙirar XL Bully ne, wasu manyan karnuka masu ƙarfin gaske, kuma tun ƙarshen 2023 doka ta hana a ba kowa irinsu. Ba ta ƙara komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A keji na kusa da ƙarshe Baba ya tsaya. Dogon kare ne siriri, launin ƙasa, haƙarƙarinsa a waje, da tsohon tabo a ƙafar gaba. Irin da suke kira lurcher. Sak karnukan 'yan farautar da nake leƙowa ta zaure ina yarinya, in sun dawo daji da rani, sai dai wannan ya fi su tsawon ƙafa. Duk lungun ana ta haushi ana dukan ƙarfe, shi ko uffan. Ya taso a hankali, ya jingina kafaɗarsa da wayar kejin daidai inda Baba ya sa hannu, ya tsaya a haka. Na ga Baba ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga.

Sai ya shiga tambaya. Yana zama da yara? Ba ta sani ba. Kyanwa fa? Ba ta sani ba. Ya iya riƙe fitsari a cikin gida? Ta ce, "Tun da ya zo a keji yake, ta ina zan sani?" Ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa. Kwanansa 5 ke nan, saura 2. Kuɗinsa bai kai fam 100 ba, ba a yi masa fiɗiya ba, riga-kafi guda kawai aka yi masa. In ka ɗauka ya zama naka, ba a dawowa da shi. Baba ya zaro biro zai ba da sunansa. Na dafa hannunsa na ce, "Baba, kai ka ce mu ga biyun." Ya harare ni, amma ya mayar da biron aljihu.

Muka tsaya a hanya ya sayi soyayyen dankali, ni kuma na yi azahar a cikin mota, don yanzu rana ba ta da tsawo, kafin ka juya la'asar ta shiga. Ina idarwa Inna ta kira daga Zariya. Da na gaya mata inda nake sai ta yi salati. "Kare? Abin da ya kai ki Turai ke nan, yawon neman kare?" Na ce maƙwabci ne, Inna, tsoho ne ba shi da kowa a kusa. Ta yi shiru, sannan ta ce to haƙƙin maƙwabtaka ba wasa ba ne, amma in wanke hannu kafin in taɓa mata jikoki.

A hanya Baba ya ba ni tarihi, don marigayiyar matarsa duk wata sai ta aika wa irin waɗannan ƙungiyoyi kuɗi. Gidan karnuka na Battersea a Landan wata mata ce, Mary Tealby, ta kafa shi a 1860. Dogs Trust kuma tun 1891 take, da wani suna daban a lokacin. Waɗannan manya ne masu gine-gine da ma'aikata. Wadda za mu je ba ta da ko keji ɗaya. Ofis ne ɗan ƙarami a bayan shagon gwanjo, karnukan kuma suna rarrabe a gidajen masu riƙo.

Nan ne ran Baba ya ɓaci. Wata dattijuwa ta zaunar da mu, ta ɗauko fom mai shafi huɗu. Gidan naka ne ko haya? Tsawon shingen bayan gida nawa? Awa nawa karen zai yi shi kaɗai? Jikoki suna zuwa, shekarunsu nawa? Wane likitan dabbobi kake zuwa, za mu iya kiransa? Akwai kyanwa a maƙwabta? Baba yana amsawa yana cika yana batsewa. Da ta ce, "In ka kwanta asibiti, wa zai riƙe shi?" sai ya buga hannu a tebur. Ya ce shekara 50 yana da kare, tun kafin ta san hagu da dama, yau kuma shi za a titsiye. Can an ce masa ya kawo kuɗi ya ɗauka, nan kuma sama da fam 200, da zuwa duba gida, da jira.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo wani fayil ta buɗe masa. Karya ce 'yar shekara 9, gajera, mai ita ya koma gidan kula da tsofaffi. Makonta 6 a hannun mai riƙo, kuma an rubuta komai. Tana tsoron injin shara. Ba ta son a taɓa ta tana cin abinci. Tafiyar minti 20 sau biyu a rana ta ishe ta. An cire mata haƙora uku, an yi mata aikin hana haihuwa, riga-kafi ya cika, an ba ta maganin ƙuma da na tsutsar ciki. Sai ta nuna masa wani layi a takardar yarjejeniya: duk ranar da ya kasa riƙe ta, ko bayan shekara nawa ne, wajibi ne ta dawo hannunsu, kuma za su karɓa.

Wannan layin ne ya tsaya mini. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma na sha shiga gida bayan motar asibiti ta tafi da mai shi in tarar da kare a bakin ƙofa, kwanon ruwa a bushe, 'ya'ya suna wani gari suna ce wa juna kai ka ɗauka, ke ki ɗauka. Da yawa daga irinsu ƙarshensu lungun nan ne da muka baro da safe. Tausayi yana jan mutum zuwa wurin hukuma, ni ma ya ja ni, don can ne rai yake kan siraɗi. Da Baba ɗan shekara 40 ne mai ƙarfin riƙe igiya, da kuɗin likita in wata cuta ta ɓullo, da ni da kaina zan ce mu koma mu sa suna. Amma dogon kare mai gudu, wanda ba wanda ya san halinsa, a hannun mutumin da gwiwarsa take ƙara in zai hau bene, ga kyanwar gidan da ke bayansa kullum tana kan shinge? Na faɗa masa haka a gaban matar, da ladabi, amma ban rage komai ba.

Ya ce, "To shi wancan fa? Saura kwana 2."

Ashe matar ta san wurin sarai. Ta ce kusan duk mako sai ta je, kuma da yawan karnukan da ke hannunsu daga can suka fito bayan kwana 7 ɗin sun cika. Ta karɓi lambar kejin, da ma na ɗauki hoton katin a wayata, ta ce za ta kira su ranar Litinin da sassafe. Ba ta yi alkawari ba, don gidajen riƙo sun cika, sai in ta samu wata ƙungiya mai karɓar irinsa. Ta kuma gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ko sun karɓe shi, da wuya su ba shi. Sannan ta miƙa masa takardar Cinnamon Trust, ƙungiyar da tun 1985 take tura 'yan sa-kai su fita da karnukan tsofaffi in jiki ya ƙi.

Baba ya daɗe yana kallon hoton karyar. Ya ce kunnuwanta sun yi mata yawa. Ya ce ba irin karen da yake so ba ce. Sannan ya ce a ba shi biro.

Mun iso gida ana shirin magariba, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna. Bargon na nan yadda na shimfiɗa shi, Abban yara ya samu abin tsokana. Ban bar shi ya sha ba, na tura shi da tocila da abin awo ya duba shingen Baba. Tsawon ya isa ga gajeriyar karya, amma katako biyu sun ruɓe ta ƙasa, akwai ramin da za ta iya kurɗawa. Ranar Alhamis da ƙarfe 11 za su zo duba gidan, ke nan gyaran ya faɗo gobe, Abban yara kuma ya ce sai dai bayan ya kai yara Islamiyya. Baba yana so in kasance a wurin ranar, don kada bakinsa ya ɓata masa lamari. Na tura wa abokiyar aikina saƙo ko za ta karɓar mini safiyar Alhamis in biya ta da Lahadi mai zuwa. Har yanzu ba ta amsa ba, wankin kuma yana nan a kwando.